KAFIN A YAƘI HAMADA, A AUNA TA: BATUN SAFIYON ƘASA A KAFINSOLI

A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya yarda ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 700 don wani shiri da a ke kira ACReSAL, wanda nufinsa shi ne a raya ƙasar da ta mutu, ko ta ke shirin mutuwa, a jihohin Arewa goma sha tara da Abuja. An ɗauki alkawarin gyara hekta miliyan ɗaya. Jihar Katsina na da rabo a ciki, kamar yadda ta ke cikin jihohi goma sha ɗaya na bakin hamada waɗanda aka kafa wa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015. Wannan abin farin ciki ne. Amma fa rance ne, za a biya, kuma ran da wa'adi ya cika tilas wani ya tashi gaban jama'a ya ce, ga yadda muka sami ƙasar, ga kuma yadda muka bar ta. Wannan magana kuwa ba ta faɗuwa sai in tun farko an je an auna. Don haka mu ke so yau mu yi bayani a kan awon kansa, watau yadda masana ke shiga daji da gonaki su ƙirga itatuwa, su tona ƙasa, su rubuta ruwan sama, sa'an nan mu faɗi dalilin da ya sa mu ke ganin Kafinsoli, a yankin Kankiya da Kusada, ta cancanci a kafa wannan aiki a cikinta.

Kowa ya sha jin an ce hamada na cin ƙasar Nijeriya mita 600 kowace shekara. Ana faɗin haka wajen taro, ana bugawa cikin takardun Gwamnati, har yara na haddacewa don jarrabawa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ina aka kafa turken da a ke awon daga gare shi, wa ya ja igiyar, a wace shekara kuma? Wanda ya san hanyar Jibiya ya san in ka ƙetare iyaka gonakin Maradi za ka taras, da gero da wake da gawo, ka yi ta tafiya cikinsu har wajen Dakoro. Ƙaƙa hamada za ta tsallake waɗannan ta zo ta ci Katsina ta goshi? Ba muna cewa ƙasarmu lafiya lau ta ke ba. Akwai fako inda da a ke noma, kwazazzabai na cin gonaki, waɗansu itatuwan da kakanninmu suka sani sun yi wuyar gani. Amma ciwon da ke tsirowa cikin gida dabam ya ke da maharin da ke tahowa daga arewa, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Tsohuwar Gardama

Ba yau aka fara wannan gardama ba. A cikin 1934 wani Bature, E. P. Stebbing, shaihun malamin ilmin daji a Jami'ar Edinbara, wanda ya daɗe yana aikin gandun daji a Indiya, ya zo ya ratsa ƙasashen nan da rani. Ya ga ƙasa fari fat, ciyawa ta bushe, iska na kwasar rairayi, manoma na sassabe suna cinna wuta. Da ya koma gida, a 1935, ya tashi gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila ya ce Sahara na gangarowa kudu kamar kilomita ɗaya a shekara, ta kuwa yi shekara ɗari uku tana haka, in ba a tare ta da wata doguwar ganuwa ta itatuwa ba, arewacin Nijeriya na cikin hatsari. Maganar ta tayar wa hukuma da hankali ƙwarai. Sai Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti na ma'aikatan daji da masanin duwatsu, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar ta ɓangarorin biyu daga Disamba 1936 zuwa Fabrairu 1937. Su ba su tsaya ga kallo kurum ba. Sun duba lissafin ruwan sama, sun bincika zurfin ruwa a rijiyoyi, sun hau tuddan rairayi sun iske yawancinsu tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa sun ɗaure su tun tuni. Suka dawo suka ce ba su ga alamar Sahara na tafiya ba. Abin da suka gani shi ne ɓarnar da mutum ke yi nan da can, ta sara da ƙuna da noma. Cikin 'yan kwamitin har da wani Bafaranshe, Aubréville, wanda daga baya, a 1949, shi ya yaɗa kalmar da Turawa ke kiran kwararowar hamada da ita, ko da ya ke shi nufinsa lalacewar ƙasa ta hannun mutum.

Bayan kamar shekara ashirin, A. T. Grove, wanda ya riga ya yi bincike a kan ƙasa da yawan jama'a a Lardin Katsina, ya jera hotunan da jirgin sama ya ɗauka, sai ga layukan tsofaffin tuddan rairayi sun bayyana, sun ratsa ƙasar Hausa. Ya buga bayaninsa a 1958. Ashe jigawar da mu ke shuka gero a kanta iska ce ta jibge ta tun dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani da ya fi namu fari nesa ba kusa ba. Baƙo ya ga rairayi ya ce hamada ta iso, alhali kuwa rairayin ya riga garuruwanmu zama a nan.

Duk da haka an sake faɗawa ramin nan. A 1975, ana gama babban farin 1972 zuwa 1974, wani masani Hugh Lamprey ya zaga arewacin Sudan cikin ƙaramin jirgin sama, ya gwada abin da ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kilomita biyar da rabi a shekara. Duniya ta ɗauki lissafin nan ta yi ta yawo da shi. Amma shekarun 1950 na ruwa ne mai yawa, 1975 kuwa ƙarshen fari ce, ya gwada ƙoshi da yunwa ke nan. Da masanan Jami'ar Lund ta Suwidin suka koma wurin da hotunan tauraron ɗan'adam da binciken ƙasa, ba su sami wannan tafiya ba. A 1991 kuma C. J. Tucker da abokan aikinsa na hukumar sararin samaniya ta Amurka suka nuna bakin Sahara ya yi kudu kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan da ruwa ya dawo ya koma arewa kilomita 110 cikin shekara guda tak. Watau bakin hamada na gaba yana baya ne bisa ga damina.

Yadda A Ke Awon

An ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma labarun nan sun nuna ido ma yana ruɗuwa, in ya duba wurin da bai kamata ba, ko a lokacin da bai kamata ba, ko ya duba sau ɗaya ya yanke hukunci. Duk dabarun safiyon daji da ƙasa don toshe waɗannan kafofi aka ƙago su.

A fara da wuri. Ma'aikaci ɗan'adam ne, ya fi son inda mota za ta kai shi, da inda akwai inuwa. Wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina ta Kankiya yana ƙirge daga bakin hanya, abin da zai rubuta labarin titi ne. Bakin titi shi ne inda aka fi dasa bedi, shi ne kuma inda a ke tara itacen sayarwa, don haka ta kowace fuska aka duba ba ya wakiltar gonar da ke tafiyar awa biyu daga kwalta. Maganin wannan shi ne ƙuri'a. A shimfiɗa taswira, a raba ta gida-gida kamar gurbin dara, a ba kowane gida lamba, a zuba lambobin cikin ƙwarya a sa yaro ya ciro. Yanzu kwamfuta ke yin wannan, amma hikimar ɗaya ce: ba mutum ne ya zaɓa ba. Inda ƙuri'a ta faɗa nan za a je, ko tsakiyar fako ne, ko gindin kwazazzabo. Ranar da ma'aikaci ya ce wancan wuri ya yi nisa, bari in auna wannan a madadinsa, ran nan lissafin ya ɓaci, ba kuwa wanda zai gane daga ofis.

Tun da ya ke ƙasa ba iri ɗaya ba ce, kafin a jefa ƙuri'ar sai a rarrabe ta. Manomin Kusada bai bukatar a koya masa wannan. Ya san jigawa, ya san fadama, ya san karkarar da ke shan taki kowace shekara a bayan gari, da gonar daji, da saura, da burtali da makiyaya. Kowanne a ba shi nasa rabo na filayen awo gwargwadon faɗinsa. In ba a yi haka ba, ƙuri'a na iya tsallake fadama ɗungum, tun da siririya ce, ga shi kuwa ita ce rumbun rani.

Girman filin awo ya danganta da abin da a ke nema. Mai ƙirga ciyawa firam ya ke ajiyewa na mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, ya durƙusa ya rubuta abin da ke ciki, gamba ce ko ƙyasuwa ko ƙarangiya ko harƙiya, da yawan ƙasar da suka rufe. Mai ƙirga itatuwan gona kuwa, da ya ke a warwatse su ke, sai ya ja igiya mita ɗari ta kowane gefe, hekta guda ke nan, kusan eka biyu da rabi. Akwai kuma awon layi, inda a ke miƙe hanya ɗoɗar daga bakin gari zuwa iyakarsa, ko daga fadama zuwa kan tudu, ana tsayawa bayan kowace mita ɗari ana rubuta abin da aka taras. Wannan shi ke nuna yadda ƙasa ke sakewa in ana nisa da gari.

To, me a ke rubutawa? Nan ne aikin ya ke, nan ne kuma aka fi yin ha'inci. Faɗin cewa akwai itace goma sha biyu a hekta bai isa ba. Kowane itace sai an rubuta sunansa, an ɗaura masa tef daidai ƙirjin mutum, watau mita 1.3 daga ƙasa, an auna kaurinsa, an ƙiyasta tsawonsa da faɗin inuwarsa, an faɗi ko an sassare shi don dabbobi. Kututture ma a ƙirga shi, a faɗi ko ya mutu ko yana toho. 'Yan ƙanana da ba su kai gwiwa ba su ma a ƙirga. Ga dalili. A ce gona biyu, kowacce na da itace goma sha biyu. Ta farko duka manyan ɗorawa ne da tsamiya waɗanda kakan mai gonar ya gada, ba ƙarami ko ɗaya. Ta biyu manya huɗu ne, matsakaita huɗu, ƙanana huɗu. A takarda daidai su ke. Amma ta farko kamar gari ne da ba kowa sai tsofaffi, in an dawo bayan shekara talatin sai a iske kufai. Lissafin da bai rarrabe babba da yaro ba ba zai taɓa nuna wannan hatsari ba sai ya auku.

Batun suna ma ba ƙarami ba ne. Tun 1916 likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya gwama su da na masana, har yau kuwa ana amfani da aikinsa. Amma suna na sakewa daga ƙasa zuwa ƙasa. Itacen da mu ke kira bedi, wani wuri darbejiya ne, wani wuri maina, wani wuri dogon yaro. In ma'aikata huɗu suka rubuta suna huɗu, mai haɗa lissafi a ofis sai ya ga iri huɗu. Don haka a ke yanko reshe da ganye da fure a danne cikin takarda a adana, ya zama shaida.

Sai lokaci. Wanda ya ƙirga sabara da kalgo a watan Disamba, bayan an kawar da amfanin gona, zai iske gonaki cike da su. In ya dawo a Mayu, an yi sharar gona, sai ya rantse an yi musu kisan kiyashi, alhali saiwarsu na nan ƙarƙashi tana jiran ruwa. Gawo kuma nasa halin dabam ne, da damina ya ke zubad da ganye, da rani ya yi kore shar. Saboda haka awon bana da na baɗi ba su gwaduwa sai in wata ɗaya aka yi su, da igiya iri ɗaya, bisa ƙa'ida ɗaya. A nan ne turke ke da amfani. A binne ƙarfe a kusurwar kowane fili, a rubuta lambar wurin da na'urar GPS, a ɗauki hoto ana fuskantar gabas da yamma da kudu da arewa, domin wanda zai zo bayan shekara biyar, ko da mai awon farko ya rasu, ya tsaya daidai inda aka tsaya. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ƙauye ɗaya ya riƙe, Dagaceri a ƙasar Haɗeja, yana komawa daga 1974 har 1986. Abin da ya gane game da yadda talakawa ke jure fari, mai wucewa sau ɗaya ba zai gane shi ba ko da ya fi shi ilmi.

Awon ƙasa kanta ba mu tsawaita ba. Ana huda ta da wani ƙarfe mai kama da matoni, a ɗebo ta sama kamar zurfin santimita 20 daga wurare da dama cikin fili guda, a gauraya, a ƙulle da lamba a kai ɗakin gwaji a ga tsaminta da sauran ƙarfin da ke cikinta. A waɗansu wurare kuma a haƙa rami ya kai tsayin mutum don a ga yadda ta ke hawa-hawa. Akwai taswirar ƙasa ta Nijeriya duka wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a 1990, amma a kanta santimita ɗaya na tsaye ne a madadin kilomita shida da rabi. Ƙauye da gonakinsa duka ɗan yatsa ya rufe su. Ba a ba manomi shawarar taki da irin wannan.

Ruwan sama kuwa shi ne alƙalin duka. In itatuwa sun ragu, fari ne ko gatari? In gero ya yi kyau, aikin shirin ne ko damina ce ta yi albarka? Ba mai raba wannan gardama sai ma'aunin ruwa, ɗan gwangwani da mazurari da a ke kafawa a fili nesa da itace da gini, a duba shi kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta ko da ba a yi ko ɗigo ba. Masana yanayi sai sun tara shekara talatin kafin su ce ga ruwan wuri kaza. Aiki ne mai arha, abin da ya ke ci kawai shi ne haƙuri da gaskiya. Malamin da ya yi tafiyar biki kwana uku ya dawo ya cike gurbin da ka ya fi wanda ya bar gurbin fari ɓarna.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga tauraron ɗan'adam? Lalle ya kawo sauƙi mai yawa. Tun 1972 taurarin Landsat ke ɗaukar hoton duniya, na Turai da a ke kira Sentinel-2 kuma, tun 2015, yana rarrabe fili mai faɗin mita goma, kuma kyauta a ke samun hotunan. A 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa sun ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel. Amma kafin kwamfuta ta iya wannan, sai da mutum ya zauna ya zagaye kan itace kusan dubu casa'in da hannunsa yana koya mata. Har yanzu kuma daga sama kore kore ne. Hoto ba zai gaya maka wannan ɗorawa ce da mata ke samun kalwa a jikinta, wancan kuwa tumfafiya ce da ta mamaye gonar da ta gaji ba. Tauraro na faɗin yawa, amma sai an taka da ƙafa a ke sanin iri.

Abin Da Ƙirgen Dashe Ba Ya Gani

Rahoton da aka saba bayarwa a ƙasar nan shi ne na dashe: an raba tsiro dubu kaza, an dasa kilomita kaza. Wannan lissafin watan Agusta ne. Lissafin da ke da amfani shi ne na watan Afrilu, bayan awaki da gara da iskar bazara sun ɗauki rabonsu, da kuma na shekara ta uku. Tun 1987 aka fara babban shirin dashen itatuwa a arewacin Katsina da taimakon ƙasashen Turai, ga shingayen nan waɗansu na tsaye, kowa na gani. Sai dai abin da zai amfani mai shiri na yau shi ne ya san wane iri ne ya rayu, a wace ƙasa, a hannun wa. Ita ma Babbar Ganuwar ta Afirka, wadda aka amince da ita a 2007, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi lissafinta a 2020 hekta miliyan huɗu aka samu cikin miliyan ɗari da aka yi niyya.

Abin mamaki, babban ci gaban da aka samu a wannan yanki ba a cikin littafin dashe ya ke ba. Daga 1983, a ƙasar Maradi, wani ma'aikaci mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga jan hankalin manoma su daina tumɓuke tohon kututture, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse saura. Suka kira abin sassaben zamani. Shekara ashirin ana yi, gona na koya wa gona, duniya ba ta sani ba, don ba wanda ya dasa kome balle a rubuta. Sai bayan 2004, da Gray Tappan da Chris Reij da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da sababbi, suka kuma bi ƙasa suna ƙirge, sa'an nan aka gane abin ya kai kamar hekta miliyan biyar da itace wajen miliyan 200 a jihohin Maradi da Damagaram.

A Kano ma an ga irin wannan. An daɗe ana cewa birnin zai cinye itatuwan karkararsa da girki. Da Mortimore da abokansa suka gwada hotuna suka kuma ƙirga, littafinsu na 1990 ya nuna manoman kewayen birni na riƙe da itatuwansu, itacen girki daga dazuzzuka masu nisa a ke kwaso shi. Wani bincike na 2018 ya iske itatuwan gonakin ma ƙaruwa suka yi. Amma in ka tambayi tsofaffi sai su ce itace ya ƙare. Duka biyu gaskiya ne: bedi ya yawaita, waɗansu itatuwan gado sun ja baya. Mai lissafi na ƙirga kai, tsoho na ƙirga amfani. Shi ya sa safiyon da ba a zauna da dattawan gari da mata da Fulani makiyaya an tambaye su ba, rabinsa aka yi. Su ne za su ce a wancan kwari da akwai ƙirya, a shekarar fari kaza ta mutu.

Sai dai a san yadda za a shiga. Talaka bai manta malaman taki ba, waɗanda a farkon zamanin Turawa su ke auna gona da ƙafa don a yanka haraji. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna tun 1979, amma har gobe in manomi ya ga baƙo da igiya da littafi a gonarsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne za a karɓe ta, ko za a ce itacen na hukuma ne. Mutumin da ke cikin wannan tsoro ba zai faɗi gaskiya ba, wani ma sai ya sare itacen da dare don ya huta. Tilas a bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, a yi bayani a fili, a kuma dawo wa mutane da sakamakon cikin harshensu.

Me Ya Sa Kafinsoli

Dalilinmu na farko shi ne wurin da ta ke. Tsakiyar Jihar Katsina ba ta kai Daura da Kaita ƙarancin ruwa ba, ba ta kuma kai Funtuwa yawansa ba, ga jama'a da yawa, ga noman gero da dawa da gyaɗa da wake, ga dabbobi. Abin da aka gani a nan zai yi wa ƙasa mai faɗi magana. Na biyu, Kafinsoli ba baƙuwar awo ba ce. Tun zamanin Turawa akwai gonar Gwamnati a wurin inda a ke gwajin iri da taki, sunanta kuwa na cikin tsofaffin rahotannin aikin gona na Arewa. Wurin da ke da tsohon lissafi ya fi sabon wuri daraja, gama yau da gobe kaɗai ba su isa gwadawa ba, sai da jiya. Lardin ma gaba ɗaya yana da abin dogara: W. D. Clayton ya buga bayanin tsirran Lardin Katsina a 1963, Polly Hill kuma ta auna gonakin Batagarawa da hoton jirgin sama sa'ad da ta zauna can a 1967. Waɗannan takardu na nan. Abin da ya rage shi ne a nemo su, tare da littattafan ruwan sama da ke cikin kabad a Samaru da Kaduna da Katsina, kafin gara ta riga mu.

Ma'aikata ba su yi wuya ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Kowace shekara ɗalibai na fita su yi ƙirge don rubutun kammala karatu, kowa ya zaɓi ƙauyensa da tasa ƙa'ida, a ɗaure littafin a jibge, na bana bai san na bara ba. Da za a kafa filayen awo na dindindin a ƙasar Kankiya da Kusada, a ce duk ɗalibin da zai fita nan zai je, da ƙa'ida ɗaya, da cikin shekara goma an tara abin da ba wata jiha da ke da irinsa. Mun san akwai wuraren da rashin tsaro ya hana shiga, musamman wajen dajin Rugu. Inda ba a iya zuwa a rubuta ba a je ba, kada a cike da ƙiyasi. Malaman gona da malaman daji 'yan asalin wurin, da malaman makaranta, su ne za su fi iya riƙe ma'aunin ruwa da turaku, in an koya musu an kuma biya su a kan kari.

Sharaɗi ɗaya ne ba mu so a yi wasa da shi. Kada wanda ya yi dashe ya zama shi ne mai ƙirga abin da ya rayu, kuma cikin filayen awon a bar waɗansu inda shirin bai taɓa ba, don a sami abin gwadawa. Kuɗin wannan duka bai kai na shinge ɗaya mai tsawo ba. Lokacin farawa kuwa shi ne bayan an gama girbi, tsakanin Nuwamba da Janairu, sa'ad da gonaki ke buɗe, ba a kuma fara sassabe ba. In wannan kaka ta wuce ba a kafa turakun ba, sai a jira wata, kuma duk abin da aka dasa a tsakani ba za a sami abin da za a gwada shi da shi ba.